Ranar da Na Daina Cewa “Da Sauƙi”

Salama da alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu su kasance tare da ku duka. Baba Fasto, Mama, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, har da matasan da ke can baya kusa da ƙofa, ina gaishe ku a cikin sunan Yesu. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rahila, matar Iliya mai gyaran injin ban ruwa. Waɗanda suka san ni kuwa, na ga kuna kallon juna, don tun da nake zuwa majami'ar nan ba ku taɓa ganina riƙe da makirufo ba. Ko a cikin mawaƙa baki kawai nake motsawa. To, yau zan yi magana, ku ba ni aron kunnuwanku.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a bayan Auyo, inda in damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake fita. Ban san mahaifiyata sosai ba. Ina ƙarama ta rasu a kan gwiwa, ɗan ma bai zo da rai ba. Yayarta, Inna Lami, ita ta raine ni, kuma a hannunta mahaifiyar tawa ta cika.

Duk lokacin da zancen mahaifiyata ya taso a gidanmu, abu ɗaya ake faɗa. Sai a ce, “Mace ke nan! Yini guda tana naƙuda, maza na ƙofar gida suna gyaran taru, har rai ya yi halinsa ba wanda ya ji ko tarinta.” Da wannan yabon na girma. Ban san kamanninta ba, ban san muryarta ba, abin da aka bar mini gado shi ne dauriyarta. Ni kuwa na riƙe gadon da hannu biyu.

Haihuwata biyu kafin wannan, duka maza, duka a gida. Ta Dauda, ɗana na fari, Iliya yana tsakar gida yana kwance wani inji, bai san abin da ake ciki ba sai da ya ji kukan jariri. Inna ta fito tana guɗa tana cewa, “Ta gaji uwarta!” Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji daɗin wannan kalmar fiye da naman jego.

Ciki na uku shi ya zo da nasa hali. Mun riga mun dawo cikin Haɗejiya da zama. In na ɗauko bokiti daga famfo zuwa ɗaki, sai na zauna na huta. In zan kwanta sai na tara matasai, don in na miƙe sosai numfashi ya tsaya mini a wuya. Ga wani busasshen tari da ya ƙi tafiya. Wasunku a nan kun tambaye ni, “Maman Dauda, yaya jiki?” Kun tuna amsar da na ba ku. Da sauƙi. Kullum da sauƙi.

Maƙwabciyarmu Ya Falmata, mai sayar da bandar kifi, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta gaji da jin tarin nan. Wata safiya ta tare Iliya a ƙofa yana ɗaure kaya a babur, ta ce, “Malam Iliya, injinan mutane kake bi kana gyarawa daga nan har Kaugama, na gidanka yana zuƙar iska ba ka ji ba? Ka kai matar nan asibiti, ko ni in kai ta.” Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta bakinta Ubangiji ya fara aikinsa.

Daga asibitin gari aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Suka ɗauki hoton zuciyata, suka ce wata ƙofa a cikinta ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Wai ta daɗe a haka, a cikina biyu na farko ta lallaɓa ta fita, amma yanzu ta gaji. Suka ce in zafin naƙuda ya sa zuciyar ta kama sauri, ruwa zai taru mini a huhu, kuma daga nan komai na iya faruwa, gare ni da abin da ke cikina. Saboda haka a can zan haihu, kuma za a yi mini allurar baya, wadda ke kashe zafin naƙuda amma mace tana farke, tana sane da komai.

Allurar baya! Kun san abin da ake faɗa a kanta a gari. Wannan ta ce tana gurgunta mutum. Waccan ta ce ciwon baya har kabari. Wata ma ta ce jaririn kan fito a buge. Duk wanda ya gaya mini, ba a jikinsa ya gani ba, daga ƙanwar matar wansa ya ji.

Inna kuwa da labari ya kai mata, ta hau kwalekwale, ta hau babur, sai ga ta a gidanmu da ƙunshin kayanta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Allura don kada a ji zafin haihuwa? Mu da muka haife ku itatuwa ne?” Iliya ya durƙusa ya yi mata bayani iya bayani. Ta ce ta ji, za ta bi mu, amma ita dai ba ta ga abin da ya yi zafi ba.

Da watan ya kama aka kwantar da ni a asibitin. Likitar da za ta yi allurar ta zo har gadona tun kafin naƙuda ta fara. 'Yar siririya ce, mai fara'a, ta ce ita ma 'yar wajenmu ce, daga Birniwa. Ta ja kujera ta zauna, ta ce Iliya ma ya matso.

Ta ce ba allura ɗaya za a soka a gama ba. Wani siririn tiyo ne, kaurinsa kamar igiyar fatsa, za ta zura shi a bayana ta bar shi, ta nan za a riƙa ba da maganin. Ta ce, “Amma idona ba ya ganin inda bakin tiyon ya tsaya. Mace mai ciki, jijiyoyin jinin da ke bayanta sukan kumbura, tiyon kan iya faɗawa cikin ɗaya ba da laifin kowa ba. In maganin da yawa ya shiga jini kai tsaye, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa ba ma fara ba da shi sai mun ba da ɗan gwaji tukuna, mu jira mu gani.”

Iliya ya gyaɗa kai ya ce, “Kamar sabuwar kwatar ban ruwa ke nan, Likita. Ba ka sakin ruwa gaba ɗaya. Kaɗan za ka saki, ka bi shi da ido ka ga ko gonarka ya nufa ko ta maƙwabci.”

Ta yi dariya ta ce, “Malam, ka gama karatun.”

Ni abin da ya dame ni ɗaya ne. Na ce, “Likita, shi ɗan gwajin ba zai taɓa mini ɗa ba?”

Ta ce an auna shi ne daidai yadda in ya ɓace hanya zai yi gargaɗi kawai, ba zai kai ga ɓarna ba, kuma za su sa ido a kan bugun zuciyar jaririn tun daga farko har ƙarshe. Sannan ta ce akwai wani magani da sukan haɗa a cikin gwajin, wanda in ya shiga jini sai zuciya ta ƙara sauri, na'ura ta nuna musu nan take. “Ke ba zan sa miki shi ba, don saurin bugun shi ne abin da muke tsoro a kanki. Ko ga mai lafiya ma, ciwon naƙuda kan sa zuciya sauri, sai a rasa na magani ne ko na ciwo. Saboda haka, Rahila, ranar nan bakinki ne na'urata.”

Ta gaya mini abubuwan da zan lura da su. In na ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko kunnuwana suna ƙara, ko leɓɓana sun yi nauyi, ko jiri, to ya shiga jini. In kuma ƙafafuna suka yi ɗumi suka mutu nan da nan, to tiyon ya wuce inda ake so. Ko wanne na ji, in faɗa a take.

Da za ta tashi ta nuna ni da yatsa tana murmushi. Ta ce, “Na san mutanenmu. Mutum na shirin tafiya lahira, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ranar nan ba na son da sauƙi.” Muka yi dariya duka. Na ce mata na ji. Kuma har ga Allah na zaci na ji.

Naƙuda ta kama ni da hantsi. Aka ɗora ni a keke za a shiga da ni ɗakin haihuwa, inda ba a barin 'yan'uwa su shiga. Iliya ya dafa kaina ya yi gajeriyar addu'a. Inna ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, “Rahila, allurarsu dai sun ce dole. To amma bakinki naki ne. Nan garin mutane ne, kada in ji an ce 'yar gidanmu ta yi raki. Ki tuna 'yar wace ce ke.”

Ba da mugunta ta faɗa ba. Abin da take da shi mafi daraja ta ba ni guzuri.

A ciki aka zaunar da ni a bakin gado, aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, aka ɗaura wani bel a cikina, ina jin bugun zuciyar jaririn yana fita daga na'ura. Wata nas ta tsaya a gabana ta riƙe kafaɗuna. Likitar ta ce in lanƙwasa bayana kamar mai dashen shinkafa. Ta goge shi da wani ruwa mai sanyi, ta yi 'yar allura ta kashe wurin, sannan na ji tana dannawa. Gaskiya abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ta zura tiyon, ta liƙe shi da filasta, ta ja sirinji baya ta duba, ta ce ba jini, alhamdulillahi. Aka kwantar da ni a ɗan kishingiɗe.

Ta jira ciwon da ya taso ya lafa. Sannan ta ce, “To Rahila, ga ɗan gwajin nan.”

Ban daɗe ba na ji shi. Bakina ya cika da wani ɗanɗano kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa. Kunnuwana suka ɗauki ƙara, irin ta injin ban ruwa in yana aiki a hayin kogi. Leɓɓana suka yi nauyi kamar ba nawa ba.

Ta ce, “Kina jin wani abu?”

'Yan'uwa, kun san abin da ya fito daga bakina?

“Ba komai, Likita.”

Ban ma shirya faɗa ba, da kansa ya fito, kamar yadda ake amsa gaisuwa. Zuciyata na ce mini wannan ɗan abin za ki faɗa? Ɗanɗanon baki? Uwarki ta yini jini na zuba ba ta ce uffan ba, ke za ki buɗe baki a gaban baƙi ki ce kunnenki na ƙara? Daure, yanzu zai wuce. Kuma lallai ya fara raguwa, abin da ya ƙara ba ni hujja ke nan.

Likitar ba ta yi gaggawa ba. Tana tsaye tana kallon fuskata, tana kallon na'ura. Na'urar ba ta nuna mata komai ba, kamar yadda ta faɗa tun farko. Ta sake cewa, “Rahila, yaya?”

Na ce, “Da sauƙi.”

Sai likitar ta juya ta ɗauko ɗaya sirinjin, babban, ta fara haɗa shi da bakin tiyon da ke kafaɗata. Ta ce za ta fara ba ni ainihin maganin yanzu, kaɗan-kaɗan.

Ina kallon hannunta. Ina jin bugun zuciyar jaririna a na'ura. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na rantse muku kamar an ɗinke shi. Sai na rufe ido na yi addu'a a zuci. Ba doguwa ba ce, ba ta da tsari. Na ce, “Yesu, ga ni nan na kasa. Kai ka yi bakin nan, ka buɗe shi.”

Ban ga wahayi ba, ban ji murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da ya faru shi ne, a karo na farko a rayuwata na tuna mahaifiyata ba a matsayin jaruma ba. Na gan ta yarinya ce mai ƙananan shekaru, ba ta kai ni yanzu ba, tana durƙushe a ɗaki, tana jin ranta na fita, ga maza a ƙofar gida da kwalekwale a ɗaure a bakin ruwa, ba wanda ya san ana bukatarsa. Sai na ga Dauda da ƙanensa sun girma, ana ce musu, “Uwarku mace ce, har ta cika ba a ji tarinta ba.” Na ce a'a. Ba wannan zan bar musu ba.

Sai na ji muryata ta fito, da ƙarfi har nas ɗin ta zabura.

“Likita, tsaya! Na ji ƙarfe a bakina! Kunnena ya yi ƙara! Leɓena ya mutu! Tun ɗazu na ji, ban faɗa ba!”

Haleluya!

Hannunta ya tsaya cak. Ko ɗigo ba ta tura ba. Ta cire sirinjin, ta sa wani, ta ja baya a hankali. Wannan karon sai ga jini ya biyo tiyon, ja wur. Ta nuna wa nas ɗin, suka kalli juna. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dafa hannuna ta ce, “Sannu Rahila. Kin yi aikinki. Ga amfanin gwajin nan.”

Ta zare tiyon ta yar. Ta tsaya a kaina tana duba ni, tana duba bugun jaririn, har ɗanɗanon ya tafi, kunnena ya washe. Ta ce ɗan abin da ya shiga jinina jiki zai wanke shi da kansa, jaririn kuma lafiya ƙalau yake. Sannan aka sake zaunar da ni, ta sa sabon tiyo a sama kaɗan da wurin farko, ta sake ba da ɗan gwaji.

Wannan karon kuwa ta sha surutu. “Likita, bakina lafiya. Kunnena lafiya. Ƙafata tana motsi, ga ta. Amma hancina na ƙaiƙayi, shi ma a rubuta?” Nas ɗin ta ce, “Ikon Allah, ɗazu bebiya, yanzu rediyo.”

Da ta tabbatar tiyon yana inda ya dace, ta riƙa ba da maganin kaɗan-kaɗan, kowane karo sai ta tambaye ni, ni kuma in ba ta amsa ta gaskiya. Zafin ya kwanta. Ina jin cikina yana tamkewa yana saki, amma azabar babu. Numfashina ya daidaita. Da lokaci ya yi ba su bar ni na yi dogon nishi ba, suka taimaka mini da wani abin jawo jariri. Kafin la'asar na haifi 'ya mace.

Ga ni nan a tsaye da ƙafafuna biyu, ba gurguntar da aka yi mini. Bayana ya yi tsami 'yan kwanaki ya bari. Zuciyar tana nan yadda take, ina shan magani, ina komawa asibiti, sun ce akwai aikin da za a yi nan gaba. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Saura abu ɗaya.

Da aka mayar da ni ɗakin masu jego, likitar ta zo duba ni, ta tarar da Inna zaune a gefen gado. Ta gaishe ta da ladabi ta ce, “Inna, ki gode wa Allah, 'yarki ta yi magana a kan lokaci. Da ta daure ta yi shiru, da zuciyar nan tata, ban san labarin da zan fito in ba ku ba.”

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ni kuma ina jiran ta ce na zubar da mutuncin gida.

Can jaririyar ta farka ta tsala kuka, irin mai cika ɗaki. Wata mai jinya a gadon kusa ta ce, “Kai, wannan yarinya da baki take! A jijjiga ta mana ta yi shiru.”

Inna ta ɗauke ta, ta rungume ta a ƙirji, amma ba ta jijjiga ta ba. Na ga hawaye na bin fuskarta, abin da ban taɓa gani ba tun da ta raine ni. Ta ce, “Ku bar ta. Ranar da ƙanwata take kan gwiwa, ta kama hannuna ta buɗe baki za ta yi magana, ni na ce mata daure. Ku bar wannan ta yi kukanta. Shirun da aka yi a gidanmu ya isa.”

Iyayena mata, ƙannena 'yan mata, haƙuri abu ne mai kyau, ban zo in rushe shi ba. Amma in likita ya tambaye ki me kike ji, ba gaisuwa yake yi ba. Ki faɗa, komai ƙanƙantarsa. In an ce za a yi miki allurar baya, ki yi tambaya har ki gamsu, kada ki tsaya a kan labarin kasuwa. Maza, in matarka ta ce da sauƙi, ka sake kallonta da kyau. Kuma in bakinki ya ƙi buɗuwa kamar nawa, ki kira Yesu, ya san inda ɗinkin yake.

Na gode wa Ubangiji da ya raya ni. Na gode masa saboda Ya Falmata, da likitar nan, da mijina, da Inna, da ku da kuka yi ta durƙuso a kaina. Ku dogara gare shi, ba ya barin nasa.

Kukan da kuke ji can baya tun da na fara magana, ita ce. Sunan mahaifiyata muka sa mata, Saratu. Tana bayan Inna. Masu kula da tsari, don Allah kada ku ce a fita da ita.

Ku yabi Ubangiji!